Gyaran Magana da Koyar da Zaman Tare ga Yara Masu Buƙata ta Musamman a Ƙasar Kazaure

Gyaran magana fanni ne da ya haɗa kiwon lafiya da ilimi, wanda ke kula da yaron da bakinsa ya yi nauyi, ko furucinsa ba ya fita sosai, ko ba ya gane abin da ake faɗa masa. Mai wannan sana'a ba ya yin tiyata, ba ya rubuta magani. Aikinsa gwaji ne da horo. Yakan duba yadda yaro ke ji, da yadda yake motsa leɓɓa da harshe, da yawan kalmomin da ya sani da yadda yake amfani da su cikin mutane, sannan ya tsara darussan da za a riƙa maimaitawa kullum. Abokin tafiyar wannan fanni shi ne koyar da zaman tare da sarrafa zuciya, wato yaro ya gane abin da ke ransa, ya iya danne fushi, ya jira a zo kansa, ya gaida mutane, ya nemi taimako, ya ƙi abin da ba ya so ba tare da cizo ko jifa ba. A jami'a an raba fannonin biyu, amma a tsakar gida tare suke tafiya. Yaron da ya kasa faɗin cewa ƙishirwa yake ji, shi ne zai yi birgima a gindin randa, a ce masa mai taurin kai.

A ɗauki Yankwashi a matsayin misali. Ƙaramar hukuma ce a arewa maso yammacin Jigawa, hedikwatarta Karkarna, a kan hanyar Kazaure zuwa Daura. Ita da Kazaure da Roni da Gwiwa su ne masarautar Kazaure, Babura kuwa tana ƙarƙashin masarautar Ringim. Yanki ne na manoma da makiyaya, ana jin Hausa da Fulatanci, wani lokaci a gida ɗaya. Akwai babban asibiti a Kazaure da Babura, akwai kuma asibitin masu taɓin hankali a Kazaure, amma cikakken gwajin ji da na'ura yakan kai iyali har Kano, tafiyar kimanin kilomita 80 daga Kazaure, zuwa sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko ma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Wannan nisa shi ke yanke yadda aikin zai kasance a ƙauye. Ƙwararre kamar malamin gona ne: yakan duba, ya ba da shawara, ya tafi, amma mai gona ke riƙe da fartanya. Uwa da kaka da yayye da malamin aji su ne masu gyaran magana na kullum.

Abin da ake fara dubawa shi ne kunne. Yaro yana koyon magana ne daga abin da ya ji, kuma akasarin waɗanda ake kira bebaye ba abin da ya sami harshensu ko maƙogwaronsu, kurame ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 34 a duniya ke fama da raunin ji mai tsanani, kuma kashi 60 cikin ɗari na kurumtar yara ana iya kauce mata. A Jigawa sanƙarau yana cikin manyan dalilai. Jihar tana cikin zirin ƙasashen da cutar ke addaba lokacin zafi, daga Senegal har Habasha. Annobar 1996 ta kama mutane fiye da 100,000 a arewacin Nijeriya, ta kashe sama da 11,000. An fara riga-kafin MenAfriVac a ƙasar a 2011, amma wasu nau'o'in ƙwayar cutar sun ci gaba da ɓulla, har Jigawa ta fi kowace jiha yawan masu cutar a ɓarkewar 2023. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar. Cikin mutum biyar da suka tsira daga sanƙarau, ɗaya kan rayu da wata illa, kurumta kuma tana gaba-gaba. Saboda haka duk yaron da ya tashi daga wannan ciwo ya kamata a gwada jinsa cikin makonni kaɗan, tun kafin kalmomin da ya riga ya koya su fara zubewa.

Sauran dalilan sanannu ne a kowane ɗakin shan magani: ƙyanda, hangum, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, doguwar naƙuda da ta sa jariri bai yi kuka da wuri ba, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, da kunne mai zubar da ruwa wanda ake ɗauka ba komai ba ne. Shawara da wahalar haihuwa kan jawo raunin ƙwaƙwalwa mai sanƙarar da gaɓoɓi, yaro ya riƙa dalalar da miyau, haɗiya ta yi masa wuya, magana ta fito a jagule ko da hankalinsa garau yake. Wasu allurai irin su gentamicin, in an yi su barkatai a kemis ba awo, su ma suna kashe ji.

Idan yaro ya yi jinkirin magana, abu biyu aka fi ji a gida. Na farko, "Ku ƙyale shi, ubansa ma bai yi baki da wuri ba." Wani lokaci haka ɗin ne, amma akwai ma'auni. Jariri ɗan wata shida zuwa tara yakan juya in ya ji sauti, yana gwalan-gwalan da baki. Wajen shekara ɗaya yakan faɗi kalmar farko, ya nuna abu da yatsa. A shekara biyu yakan haɗa kalma biyu, kamar "Inna ruwa". A shekara huɗu baƙo ma yakan gane yawancin abin da ya faɗa. Wanda ya cika shekara biyu ba kalma ko ɗaya, ko wanda ya iya wasu kalmomi sannan suka ɓace, ba na jira ba ne. Na biyu shi ne a ce linzami ne, a kira wanzami. Gaskiya ne tantanin ƙarƙashin harshe in ya yi gajere yakan hana jariri kama nono da kyau, yakan kuma taɓa furucin wasu baƙaƙe, amma ba ya hana yaro sanin kalmomi ko haɗa jimla. Cire beli kuwa ba ya ƙara wa magana komai. Yankan da aka yi a banza yana iya jawo zubar jini ko ciwon tsinkau-tsinkau, ga kuma watannin da za a ɓata ana jiran baki ya buɗe. Haka nan jin Hausa da Fulatanci tare ba ya jinkirta magana, babu dalilin hana uwa yi wa ɗanta magana da harshen da ta fi sakewa da shi.

Tsamin baki shi ne mafi sauƙin gyara, kuma a nan ne ake ganin dalilin da ya sa dole a yi aikin da Hausa. Takardun gwajin da aka shirya a Ingila ko Amurka sautukan Turanci suke aunawa. Ba su san ɓ da ɗ da ƙ da ts ba, ba su san Hausa tana da r iri biyu ba, ba sa kuma kula da karin sauti da tsawon wasali, waɗanda ke raba farar da ke cin gero da fara aiki. Mai gyara yakan soma da kunne: ya ajiye hoton baki da na baƙi, ya faɗi ɗaya, yaro ya nuna. Sai yaro ya iya rarrabe su da ji sannan a koya masa inda zai sa harshe, a hanƙa ko a ganɗa ko can baya a hanɗa, ana amfani da madubi. Daga sauti ɗaya a koma gaɓa, daga gaɓa zuwa kalma, daga kalma zuwa jimla, a ƙarshe hira. Minti goma kullum ya fi awa biyu sau ɗaya a wata. Malami kuma ya kiyaye kada ya ɗauki karin harshe a matsayin cuta: yaron da ke cewa "biyal" maimakon "biyar" maganar garinsu yake yi.

In'ina takan fara tsakanin shekara biyu da biyar. Kimanin yara biyar cikin ɗari kan yi ta na wani lokaci, yawancinsu ta wuce, ta bar kusan mutum ɗaya cikin ɗari har girma, maza sun fi mata yawa. Tana bin dangi. Tsoro ko kwaikwayon mai in'ina ba su ke kawo ta ba, sai dai tsoro yana ƙara mata ƙarfi. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san wani abin mamaki game da ita: yaron da ya kasa faɗin sunansa a gaban malam, in an haɗa baki ana karatu da kari sai ya bi sumul. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa karatun haɗin baki da waƙa suna sassauta in'ina, kuma malamin aji zai iya amfani da wannan, ya sa yaron ya karanta tare da wani kafin a ce ya karanta shi kaɗai. A Ostareliya an tsara hanyar da ake kira Lidcombe don ƙananan yara, inda iyaye ne ke yaba wa yaro in ya yi magana sumul, su yi masa gyara jefi-jefi cikin laushi, ƙwararre yana duba su lokaci-lokaci. Abin da ke ɓata lamarin kuwa sananne ne: ƙarasa masa magana, tsawa, da laƙabin da yara kan liƙa masa. Malaman Islamiyya kan tuna wa ɗalibai cewa Annabi Musa, alaihis salam, ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin harshensa, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha, kuma wannan tunatarwa tana rage tsokana fiye da bulala.

Yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe ko ganɗa ana yi masa aiki, ƙungiyar Smile Train ma tana biyan kuɗin aikin a asibitoci da dama na Nijeriya. Sai dai ɗinki kaɗai ba ya gyara magana, musamman in an makara. Yaron ya saba fitar da iska ta hanci, sai an koya masa bi da ita ta baki.

Ga yaron da jinsa ya tafi gaba ɗaya, burin shi ne ya sami harshe da wuri, ko na baki ko na hannu. Ƙasar Hausa tana da nata maganar hannu tun da daɗewa, wadda kurame ke yi a kasuwa da majalisa, masu ji da yawa kuma suna taɓa ta. Wata masaniyar harshe Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta a Kano, ta wallafa littafi a kanta a shekarar 2000. Makarantu kuwa sun gaji wata hanyar daban, wadda ta samo tushe daga maganar hannu ta Amurka, da Andrew Foster, wani kurma baƙar fata Ba'amurke, ya kawo Ibadan a 1960. Ita ake koyarwa a makarantar Tudun Maliki ta Kano, da aka buɗe a 1977, da makarantar kurame ta Haɗeja. Yaron Yankwashi da aka kai makarantar kwana yakan dawo hutu da alamomin da iyayensa ba su sani ba, ya zama baƙo a gidansu, sai fa in wani daga cikin 'yan'uwa ya daure ya koya. Tsoron da iyaye ke yi cewa alamar hannu za ta hana yaro magana ba shi da tushe. Abin da ke cutar da ƙwaƙwalwa shi ne yaro ya kai shekara shida ko bakwai ba shi da harshe ko ɗaya. Na'urar ƙara ji tana taimakon wanda ke da sauran ji, amma tana cin batir, ƙurar hunturu tana toshe ta, kuma robar da ke shiga kunne sai an riƙa sauya ta yayin da yaro ke girma.

Akwai kuma yaran da kunnensu lafiya, bakinsu lafiya, amma mu'amala ce ta gagara. Larurar otizim, wadda kafofin watsa labarai kan kira galahanga, tana shafar kimanin yaro ɗaya cikin ɗari. Irin wannan yaro ba ya waiwaye in an kira sunansa, ba ya nuna wa uwarsa abin da ya burge shi, yana maimaita abu ɗaya, ƙara ko sauyin al'ada yana tayar masa da hankali. A ƙauye sau da yawa ana danganta haka da iska, a yi ta yawon neman magani har shekarun koyo su wuce. A 1985 wasu masana biyu a jihar Delaware ta Amurka, Andy Bondy da Lori Frost, suka ƙirƙiro hanyar musayar hoto: yaro ya miƙa hoton abin da yake so, a ba shi nan take, ana faɗin sunan abin. Ba sai an sayi kati daga waje ba. Kwalin sabulu da zane ya isa, ko ma kayan kansu: moɗa tana nufin ruwa, buta tana nufin bayan gida, takalmi yana nufin fita. Da zarar yaro ya gane cewa miƙa moɗa ya fi kururuwa saurin kawo ruwa, kururuwar takan ragu.

A nan ne gyaran magana ke shiga cikin koyar da zaman tare. Wata cibiya a Amurka mai suna CASEL, da aka kafa a 1994, ta kasa wannan ilimi gida biyar: sanin kai, riƙe kai, fahimtar halin wasu, iya hulɗa, da yanke shawara ta gari. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a ciki ba, domin tarbiyya ce: haƙuri, kunya, ladabi, kara, zumunci. Bambancin yana wajen koyarwa. Yawancin yara suna tsintar waɗannan ɗabi'u da ido, ba wanda ya zaunar da su. Yaro mai otizim, ko mai larurar Down, ko kurman da hirar gida ke wuce shi, sai an warware masa su ɗaya bayan ɗaya. Gaisuwar safe kaɗai ta ƙunshi sallama, jiran amsa, cire takalmi, durƙusawa, faɗin gaisuwar, sauraron amsa, da sanin lokacin tashi. Akan koyar da mataki ɗaya har ya zauna, a yaba wa yaro nan take, sannan a ƙara na gaba, a kuma gwada shi wajen mutane daban-daban, domin irin waɗannan yara kan iya gaida kaka daidai su kasa gaida liman.

Littattafan waje suna buƙatar tacewa kafin a yi aiki da su. Da yawansu suna sa a horar da yaro ya kalli babba ido cikin ido, alhali a ƙasar Hausa sunkuyar da kai shi ne ladabi, mai ƙura wa babba ido kuwa tsaurin ido gare shi. Wanda zai auna yaro a Roni ko Gwiwa ya fi kyau ya duba yadda yake da uwarsa da sa'anninsa, ko yana kai musu abin wasa, ko yana dariya tare da su. Wani abin lura shi ne alkunyar ɗan fari. A gidaje da yawa, musamman na Fulani, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ma'aikacin lafiya da ya umarce ta da ta riƙa yi masa hira da waƙa a tsakar gida zai ji "to", amma ba za a yi ba. Wanda ya san gari sai ya sa kaka ko goggo ko yaya a cikin horon, ya bar wa uwa lokacin da take ɗaki ita da ɗanta.

Sanin sunan abin da ke zuciya shi ma darasi ne. Akan zana fuskoki huɗu, ta murna da ta fushi da ta tsoro da ta baƙin ciki, yaro ya nuna wadda yake ciki, babba kuma ya faɗa masa: "Ka ji haushi don an karɓe maka ƙwallo." Sai a ba shi abin yi a madadin duka: ya ja numfashi, ya ƙirga yatsunsa, ya koma wani wuri da aka ware masa ya huce. Wata malama Ba'amurkiya, Carol Gray, ta fito da dabarar gajerun labarai a farkon shekarun 1990, inda ake ba yaro labarin abin da zai faru kafin ya faru. Ranar kasuwa, zuwa aski, allurar riga-kafi, hawan salla da ƙarar bindigoginsa, kowanne ana iya ba da labarinsa da jimloli biyar ko shida, a maimaita kwana da kwanaki. Wasannin gargajiya ma makaranta ce: carafke da dara suna koyar da jiran juna da haƙurin shan kaye, gaɗa tana koyar da bin kari da amshi.

Idan yaro ya cika tayar da rigima a aji, malami ya rubuta abu uku na mako guda: me ya faru kafin rigimar, me yaron ya yi, me ya samu bayanta. Sau da yawa sai a ga cewa duk lokacin da aka ce a yi rubutu ne yake jifa, kuma duk lokacin da ya yi jifa ana korarsa waje, wato ya sami abin da yake nema. Maganin shi ne a rage masa aikin, a koya masa alamar neman hutu. Bulala takan tsayar da rigimar yau, amma ba ta ba shi hanyar faɗin abin da ke damunsa ba. A aji mai cunkoso akwai gyare-gyaren da ba su cin ko kwabo: mai raunin ji ya zauna gaba, malami ya tsaya inda haske ke faɗa wa fuskarsa, kada ya yi bayani yana fuskantar allo, ya ba da umarni ɗaya a lokaci guda, ya jira amsa na ɗan lokaci, ya haɗa yaron da abokin zama mai haƙuri.

Darasin da ba a so a tsallake shi ne na kare kai. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna cewa yara masu naƙasa sun fi sauran yara fuskantar cin zarafi kusan ninki huɗu, kuma wanda ba ya iya ba da labari shi ne mugu ya fi nema. Tilas a koya wa yaro, da baki ko da hannu ko da hoto, sunayen sassan jikinsa, da inda ba a taɓawa, da yadda zai ce a'a, da mutum biyu ko uku da zai kai wa ƙara.

Ta fuskar doka, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci a Janairun 2019. Dokar ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma wajabta wa makarantun gwamnati karɓarsu da samar da ma'aikacin da aka horar don kula da su. A Jigawa, gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan masu naƙasa alawus na naira 7,000 a wata a shekarar 2007. Matsalar ita ce ƙarancin ma'aikata. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, da sassan ilimin musamman na jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero suna yaye malamai, hukumar da aka kafa a 1988 don masu aikin farfaɗo da marasa lafiya kuma ita ke yi wa masu gyaran magana rajista. Amma masu rajistar kaɗan ne, yawancinsu a manyan birane suke, Hausa kuma ba kowannensu ke ji ba.

Saboda haka iyalin da suka tara kuɗin mota zuwa Kano ya kamata su tafi da shiri. Su riƙe katin riga-kafi da takardun duk wata jinya da yaron ya yi, su ɗauki bidiyonsa da waya yana wasa da cin abinci da lokacin da ya fusata, domin yaro a baƙon wuri yakan yi gum. Wanda ya fi zama da yaron shi ya dace ya shiga wajen ƙwararren, ko da kaka ce. Kafin su fito su nemi a faɗa musu buri biyu ko uku da za a iya gani da ido, kamar yaro ya nemi ruwa da alama, ko ya furta ƙ a farkon kalma, ko ya zauna minti biyar a cikin sahu, a nuna musu yadda ake horon su gwada a gaban ƙwararren, a kuma sa ranar komawa bayan wata biyu ko uku. Kwafin wannan tsari ɗaya ya zauna a gida, ɗaya a kai wa malamin aji, malamin allo ma a gaya masa.